Gidan Talaka a Garin Masu Hali: Sharhi kan Dokokin Gidaje na Ƙananan Hukumomin New Jersey

Idan aka ce wata ƙaramar hukuma a Amurka ta kafa dokar samar wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, abin da zai fara faɗo wa mai karatu na nan gida a rai shi ne irin rukunin gidajen da gwamnatin Shehu Shagari ta gina a farkon shekarun 1980: gwamnati ta ware kuɗi, ta ba da kwangila, ta raba makullai. Su kansu Amurkawan ba su tsira daga ruɗani ba. A zaurukan taron garuruwansu akan ji wani yana cewa gidajen kyauta ake shirin gina wa 'yan zaman kashe wando, wani kuma yana cewa kotu ce ta tilasta wa garinsu ya ɗebi kuɗin haraji ya gina ɗaruruwan gidaje. Duka waɗannan zantuka sun saki hanya.

Jihar New Jersey ce wurin da ya fi dacewa a duba domin gane lamarin. Tana da mutane kimanin miliyan 9.3 a ƙidayar 2020, ita ce jihar da ta fi kowace cunkoso a Amurka, kuma an raba ta zuwa ƙananan hukumomi 564. Fiye da shekara 50 ke nan ana fafatawa a can kan tambaya guda: shin gari yana da ikon tsara kansa ta yadda talaka ba zai iya zama a cikinsa ba?

Ma'anar kalmomin

Kalma ta farko ita ce "gari" ko "ƙaramar hukuma". A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. A New Jersey kuwa, majalisar gari ce ke yanke abin da za a iya ginawa a kan kowane fili. Wannan iko shi ne Amurkawa ke kira zoning, wato kasafta ƙasar gari shiyya-shiyya: nan gidajen zama, can shaguna, can masana'antu, tare da ƙayyade faɗin fili, tsawon gini da adadin iyalan da za su zauna a kan kowace eka. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wannan iko tun 1926.

Kalma ta biyu ita ce "gida mai sauƙin kuɗi". A idon doka, ba a nufin gida mai arha ko marar inganci. Ana nufin gidan da kuɗin hayarsa, haɗe da na wuta da ruwa da ɗumama ɗaki, bai wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu ba, kuma an rubuta wannan ƙayyadewa a jikin takardar mallakar gidan ta yadda mai shi ba zai iya tashi wata rana ya ninka kuɗin ba.

Sai kuma "masu ƙaramin samu" da "masu matsakaicin samu". An raba jihar shiyya shida, kuma a kowace shiyya ana fitar da samu na tsakiya: idan aka jera iyalai daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, abin da na tsakiyar layi yake samu a shekara. Wanda ke samun rabin wannan ko ƙasa da haka, shi ne mai ƙaramin samu. Wanda ke tsakanin kashi 50 da kashi 80 shi ne mai matsakaicin samu. Akwai kuma na can ƙasa, masu samun kashi 30 ko ƙasa da haka.

A ɗauki misali don sauƙin lissafi. A ce samu na tsakiya ga iyali mai mutum huɗu a wata shiyya dala 100,000 ne a shekara. Iyalin da ke samun 75,000 ya shiga sahun masu matsakaicin samu. Mai samun 50,000 ya shiga na masu ƙarami, kuma hayar da ta dace da shi ba za ta wuce dala 1,250 a wata ba. Mai samun 30,000 kuwa, tasa 750 ce. Daga nan za a gane su waye ake magana a kansu: mai dafa abinci a makarantar firamare, direban bas, mai kula da tsofaffi, ma'aikacin kanti, malamin da bai daɗe da kama aiki ba. Mafi yawansu ma'aikata ne, kuma kowa da aljihunsa yake biyan haya.

Yadda ake rufe gari ba tare da kwaɗo ba

A da, Mount Laurel ƙauyen manoma ne a gundumar Burlington, ba nisa da birnin Camden. Baƙaƙen fata sun zauna a wurin tun kafin Amurka ta sami 'yancin kai. A 1950 mutanen garin ba su kai 3,000 ba. Da aka ratsa manyan tituna ta yankin, sai masu hali suka fara ƙaura daga Camden da Philadelphia, har adadin ya haura 11,000 a 1970. Gonaki suka zama unguwanni, fili ya yi tsada, tsofaffin mazauna unguwar Springville kuma suka rage cikin gidaje ruɓaɓɓu, wasu iyalan ma a akurkin kaji da aka gyara aka mai da shi ɗaki. Jami'an gari na bi suna cewa gidajen ba su cancanci zaman ɗan Adam ba, amma babu wanda ya nuna wa mutanen inda za su koma.

Wata mata mai suna Ethel Lawrence, mai aikin renon yara, wadda kakanninta suka daɗe a garin, ta haɗa kai da maƙwabtanta suka nemi izinin gina gidajen haya 36. A yawancin garin, doka ba ta yarda da gidan da iyalai da yawa za su zauna a gini ɗaya ba. A 1970 magajin garin, Bill Haines, ya je majami'ar Jacob's Chapel ya kai musu amsa da kansa, ya ce musu idan ba su da ƙarfin zama a garin, to sai su tashi. A 1971 suka garzaya kotu tare da reshen ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP.

Abin da shari'ar ta tona ya cancanci a tsaya a kansa, domin babu layi ko ɗaya a dokar Mount Laurel da ya ambaci talaka ko baƙar fata. Abin da ta ce shi ne gida ɗaya, iyali ɗaya, a kan fili mai faɗi, a wasu shiyyoyin kusan rabin eka. An ware fiye da eka 4,000, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙasar garin, wai don masana'antu, alhali abin da masana'antu suka ci bai wuce eka 100 ba. Sauran an daskarar da shi ne kawai don kada a gina gidaje. A 'yan wuraren da aka yarda a gina benaye na haya masu tsada, an sa sharaɗi cewa yaron da ya isa shiga makaranta ba zai zauna a gida mai ɗakin kwana ɗaya ba, mai ɗaki biyu kuma ba zai ɗauki fiye da yara biyu ba. Idan yaran rukunin suka wuce wani adadi, kamfanin da ya gina ne zai biya kuɗin karatunsu.

Me ya sa aka tsani yara haka? Amsar na cikin haraji. A New Jersey, kaso mafi girma na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gida da fili na mazauna gari yake fitowa, kuma harajin jihar yana cikin mafi tsada a Amurka. Saboda haka kowane magajin gari yana da lissafi a kansa: katafaren gida ko ofishin kamfani yana kawo haraji mai tsoka, ƙaramin gida mai yara uku kuwa yana cin fiye da abin da yake kawowa. Lauyoyin Mount Laurel ba su ma ɓoye hakan ba, da wannan hujja suka kare kansu. Ba za a ce wariyar launin fata ba ta cikin lamarin ba, tana nan daram, sai dai ta sami rigar lissafi ta saka.

Hukuncin da aka yi biris da shi, da wanda ya zo da sanda

A watan Maris na 1975 Kotun Ƙolin jihar, ta bakin Mai Shari'a Frederick Hall, ta yanke cewa ikon kasafta fili na jiha ne, aro ta ba garuruwa, don haka dole a yi amfani da shi don amfanin jama'ar jiha baki ɗaya. Duk garin da ke bunƙasa wajibi ne ya buɗe hanya ta haƙiƙa da za a samar da kasonsa na gidajen da talakawan shiyyarsa ke buƙata. A lura da kalmomin: buɗe hanya aka ce. Ba a umarci gari ya ɗauki cebur ba, an ce ne ya janye shingen da shi da kansa ya gitta. Kotun ta dogara da tsarin mulkin jiha, dabarar da ta hana kotunan tarayya sa baki, su da a daidai wannan lokaci suke korar ƙararraki irin wannan.

Garuruwa suka yi kunnen uwar shegu. Wasu suka ce ai su sun gama bunƙasa, hukuncin bai shafe su ba. Shi kansa Mount Laurel ya ware 'yan filaye uku, jimillarsu kimanin eka 20 cikin eka 14,000, a wuraren da babu mai ginin da zai kalla. Shekara takwas aka yi ana jan ƙafa.

A 1983 kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Robert Wilentz, ta dawo a fusace. Ta ce wajibin ya hau kan kowane gari, ta naɗa alƙalai uku da za su riƙa sauraron waɗannan ƙararraki kaɗai, sannan ta ƙirƙiro abin da za a iya kira hurumin magini. Ma'anarsa: idan kamfanin gine-gine ya kai gari ƙara ya tabbatar da cewa garin bai sauke nauyinsa ba, kotu na iya ba kamfanin izinin gina rukuni mai yawan gidaje a filinsa ko da majalisar gari ba ta so, muddin ya ware kimanin kashi 20 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙarfi. Hikimar a fili take. Talaka ba shi da kuɗin lauya na shekara goma, kamfani kuwa yana da shi, kuma yana da kwaɗayin riba. Kotu ta ɗaure kwaɗayin a jikin keken talaka. Nan take ƙararraki suka yi ta kwarara, hankalin magadan gari ya tashi, gwamnan lokacin, Thomas Kean, har ya kamanta hukuncin da aƙidar gurguzu.

Hukumar da ta mutu a tsaye

Don a raba kotu da lamarin, majalisar jiha ta kafa Dokar Adalci a Gidaje a 1985, ta ƙirƙiri wata hukuma da aka fi sani da COAH. Aikinta ta lissafa wa kowane gari kasonsa, ta duba shirinsa, idan ya gamsar ta ba shi kariya daga ƙarar magina. Zagaye biyu na farko, daga 1987 zuwa 1999, sun tafi ba yabo ba fallasa.

Dokar ta zo da wata ƙofar baya: gari mai arziki na iya biyan wani gari kuɗi ya ɗauke masa har rabin kasonsa. Birane matalauta irin su Trenton, Newark da Camden suka riƙa karɓa suna gyara tsofaffin gidajensu. Magadansu na murna da kuɗin, amma masu suka na cewa an dai biya ne don talaka ya ci gaba da zama inda yake, nesa da makarantu masu kyau da wuraren aiki. An soke wannan tsari a 2008, zamanin Gwamna Jon Corzine.

Daga 1999 al'amura suka cuɗe. A zagaye na uku hukumar ta fito da sabon lissafi da ya ɗaure kason gari da yawan ginin da ya yarda a yi a cikinsa, wato duk garin da ya hana gini ya tsira. Kotu ta yi watsi da shi a 2007, aka yi masa kwaskwarima, ta sake watsi da shi a 2010. Gwamna Chris Christie ya yi yunƙurin rushe hukumar, kotu ta ce ba shi da wannan iko shi kaɗai. A 2015 Kotun Ƙolin jihar ta bayyana cewa hukumar ta zama gawa, ta mai da aikin hannun alƙalai, a 2017 kuma ta ce bashin shekarun da aka ɓata yana nan a wuyan garuruwa. Bayan haka ne garuruwa fiye da 300 suka zauna suka yi sulhu da Fair Share Housing Center, ƙungiyar da Peter O'Connor, ɗaya daga lauyoyin Ethel Lawrence, ya kafa.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Daga 1975 zuwa 1983 doka tana nan, gini babu. Daga 1999 zuwa 2015 doka tana nan, tafiyar hawainiya ake yi. Lokutan da aka ga motsi su ne lokutan da gari ya san cewa idan ya ƙi, wani zai yanke masa hukunci a kan filinsa.

Abin da ke cikin dokar gari

Wanda ya buɗe kundin dokokin galibin garuruwan New Jersey zai tarar da babi kan wannan batu, kuma babin garin nan kusan kwafin na garin can ne, domin jiha ce ta shimfiɗa ƙa'idojin. A nan ne ainihin naman yake, ko da yake 'yan jarida ba su cika leƙawa ba.

A ɗauka kamfani zai gina gidaje 100, an ce ya ware 20. Ba a bar masa zaɓi kan ko su wa zai ba. Aƙalla rabi, wato 10, na masu ƙaramin samu ne, kuma tun 2008 doka ta ce kashi 13 cikin 100 na gidajen da aka ware su tafi ga na can ƙasa, wato biyu ko uku a nan. Ba don haka ba, da kowane kamfani sai ya cika gidajen da masu samun kashi 79, waɗanda hayarsu ta fi kusa da ta kasuwa.

Haka ma ɗakunan kwana. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce masu ɗaki ɗaya kada su wuce kashi 20, masu ɗaki biyu aƙalla kashi 30, masu ɗaki uku aƙalla kashi 20. A cikin gidaje 20 ɗin nan, aƙalla huɗu masu ɗaki uku ne. Wanda ya tuna sharaɗin hana yara na Mount Laurel zai gane daga inda wannan layi ya samo asali. Da wannan dalilin ne aka ƙayyade gidajen da ake keɓe wa tsofaffi zalla, waɗanda garuruwa ke so ainun tunda tsoho ba ya tura yaro makaranta: da kashi 25 ne na kason gari, yanzu 30.

Ta yaya kamfani zai ci riba? Gari yana ƙara masa yawan gidajen da zai iya ginawa a kan fili. Inda da gida huɗu ne a eka, sai a ba shi goma ko fiye. Ribar ƙarin ita ke cike giɓin waɗanda aka sauke wa farashi. Akwai kuma wasu hanyoyin da gari zai bi: ya ba ƙungiyar agaji fili ta gina rukunin da duka na masu ƙaramin ƙarfi ne, ya gyara gidajen da suka lalace, ya sayi gidan kasuwa ya sauke farashinsa, ko ya samar da gidajen haɗaka ga naƙasassu. Kuɗin yin haka na fitowa ne daga wani asusu na musamman da ake cikawa da kuɗin da masu sabon gini ke biya: kashi 2.5 cikin 100 na darajar ginin kasuwanci, da kashi 1.5 ga gidan zama a yawancin garuruwa. Idan gari ya ƙi taɓa kuɗin har shekara huɗu, jiha na iya ƙwacewa.

Rabon gidajen kuma ba a hannun kansila ko magajin gari yake ba. Dole a tallata su a duk faɗin shiyya, musamman ga mutanen da ba lalle labari ya kai gare su ba, sannan a fitar da masu nema ta hanyar ƙuri'a, a tantance samunsu da takardun albashi da na haraji. Tun 1993 Kotun Ƙolin jihar ta hana gari fifita 'yan garinsa a kan sauran 'yan shiyya. Kowane gari na naɗa jami'i mai kula da harkar, da wakili mai riƙe jerin masu jira.

Wanda ya sayi irin wannan gida ya san da sharaɗi: shi zai zauna a ciki, ba zai ba da haya ba, kuma ranar da zai sayar, hukuma ce za ta faɗi iyakar farashi, mai saye kuma sai wanda ya cancanta. Ƙullin yana ɗaukar aƙalla shekara 30, na sababbin gidajen haya kuwa wata doka ta 2024 ta kai shi 40. Wasu na ganin an tauye mai gida, tunda maƙwabcinsa na kallon darajar gidansa tana hauhawa shi kuwa tasa tana rarrafe. Gaskiya ne. Sai dai in an sake ƙullin, mutum na farko ne zai kwashe garaɓasar, gidan kuma ya fita daga hannun talaka har abada.

Abin da masu suka ke cewa

Ba duk mai adawa ne maƙiyin talaka ba. Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na lissafi: idan kowane gida mai sauƙi ɗaya yana jawo na kasuwa huɗu, garin da aka ɗora wa 200 zai iya wayar gari da sababbin gidaje 1,000. Ina makarantar da za ta ɗauki yaran, ina titin, ina bututun ruwa da na bahaya? Masu kare muhalli sun daɗe suna cewa hurumin magini ya cinye gonaki da dazuzzuka, ya kuma kai gidaje inda babu bas babu jirgin ƙasa, inda mai ƙaramin samu sai ya sayi mota kafin ya je aiki. Wasu kuma na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ana kiran sunan talaka, kamfanoni na cika aljihu.

Masu goyon baya na amsawa da cewa babu wanda ya tilasta wa gari bin hanyar huɗu-da-ɗaya. Garin da ya ba da fili aka gina rukunin masu ƙaramin ƙarfi zalla ya huta da ƙarin 800 ɗin. Doka ta kuma sa iyaka: ba a ɗora wa gari fiye da gida 1,000 a zagaye ɗaya, kuma garin da ya nuna ba shi da fili ko magudanar bahaya ana sassauta masa. A nan hujjarsu ta fi nauyi, domin garuruwa da dama da ke kuka da magina su ne waɗanda suka ƙi tsara komai sai da aka maka su a kotu.

Suka ta biyu daga ɓangaren talakawan ta fito. Binciken da Naomi Bailin Wish da Stephen Eisdorfer suka wallafa a 1997 ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka shiga gidajen a garuruwan gefen birni dama can mazauna gefen birnin ne, kuma farare sun fi yawa. Kaɗan ne daga baƙaƙen fatan cikin birane suka sami ƙetarawa. Wato an samar da gidaje, amma katangar da ke tsakanin birni da gefensa ba ta rushe yadda aka yi fata ba. Masana tattalin arziki kuma na gargaɗin cewa idan kason da aka ɗora wa kamfani ya yi yawa ba tare da an ƙara masa yawan gini ba, zai fasa ginin ne gaba ɗaya, farashi ya ƙara tashi ga kowa.

Abin da aka gani a ƙasa

Ethel Lawrence ta rasu a 1994 ba ta ga gidajen ba. Sai a 1997, bayan zaman sauraro masu zafi da ɗaruruwan mazauna suka cika suna ihu, aka amince da aikin. An buɗe rukunin da ke ɗauke da sunanta a shekarar 2000, ya kai gidaje 140 daga baya. An gina su da siffar sauran gidajen unguwar, da ciyawa da bishiyoyi, har wasu maƙwabta ba su san na masu ƙaramin ƙarfi ba ne.

Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa sun bi diddigin rukunin, suka fitar da littafi a 2013. Sun kwatanta Mount Laurel da garuruwa uku maƙwabta masu kama da shi, ba su ga wani bambanci ba a yawan laifuka, darajar gidaje ko haraji, abubuwa ukun da aka yi ta tsorata jama'a da su. Sun kuma kwatanta waɗanda suka sami gida da waɗanda suka nema ba su samu ba: na farkon sun fi samun aiki da kuɗin shiga, damuwa ta ragu musu, yaransu sun fi zama su yi karatu. Rukuni ɗaya ne, mai kyakkyawan shugabanci da tantance 'yan haya sosai, don haka ba a ce kowane rukuni haka zai kasance ba. Amma ya isa ya nuna cewa masifar da aka yi hasashe ba dole ba ce.

Zagaye na huɗu

A watan Maris na 2024 Gwamna Phil Murphy ya sa hannu a dokar da ta binne COAH a hukumance, ta kuma rubuta lissafin a cikin doka don a rage gardama. Ana duba yawan iyalan da shiyya ta ƙaru da su tsakanin ƙidaya biyu na baya, a ɗauki kashi 40 cikin 100 a matsayin buƙata, sannan a raba wa garuruwa bisa abu uku: filin da ya rage, arzikin mazauna, da ƙaruwar darajar gine-ginen kasuwanci. A watan Oktoba na shekarar, ma'aikatar kula da al'amuran al'umma ta jihar ta fitar da adadin zagaye na huɗu, na 2025 zuwa 2035: sababbin gidaje kusan 85,000, da gyaran fiye da 65,000. An ba garuruwa zuwa ƙarshen Janairun 2025 su amince da adadinsu ko su kawo nasu, zuwa ƙarshen Yuni kuma su miƙa shirinsu. Wanda ya saɓa wa'adi ya rasa kariya daga ƙarar magina.

Wasu garuruwa, ƙarƙashin jagorancin magajin garin Montvale, Mike Ghassali, sun kai ƙara, suna ƙorafi musamman kan yadda aka ɗauke wa manyan birane matalauta nauyin sababbin gidaje aka jibga wa saura. Kotu ta ƙi dakatar da dokar, mafi yawan garuruwa kuma suka shiga tsarin.

Kada a ɗauka 85,000 ɗin duk za su tsaya a ƙasa. Doka na ba da ladan ƙari, har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na kason gari, ga wasu nau'o'in gidaje kamar na kusa da tashar jirgi. Sassaucin rashin fili zai rage wani abu. Tsadar kayan gini da kuɗin ruwan banki na iya hana kamfani fara aikin da aka riga aka ba shi izini. Da yake fili ya ƙare a arewacin jihar, alamu na nuna yawancin sababbin gidajen za su fito ne daga tsofaffin harabobin ofisoshi da manyan kantunan da suka mutu, abin da zai rage rigimar cin gonaki amma ya ƙara ta cunkoson motoci.

Akwai kuma agogon da ke tafiya a ɓoye. Gidajen da aka gina a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 wa'adin ƙullinsu ya cika ko yana gab da cika. Dokar 2024 ta yarda gari ya sabunta ƙullin irin waɗannan gidaje a lissafa masa cikin kasonsa, kuma garuruwa da yawa za su rungumi wannan hanya tunda ba ta buƙatar bulo ko ɗaya. Iyalin da ke ciki ya tsira daga tashi, amma ga wanda sunansa ke cikin jerin masu jira, ba a ƙara ko ɗaki ɗaya ba.